Ɗaurin Littattafan Malam Silani

"Sai na faɗa masa. Wallahi, Yaya, ko yanka ni za ka yi sai na faɗa masa."

"To faɗa masa ki kashe shi. Halas, sai ki huta."

"Ni ce zan kashe shi? Ni na hau kansu na tattaka?"

Mastura ke nan da yayanta Hussaini, a falona da ke hawa na uku a unguwar Sharafiyya ta Jidda. Tun da aka idar da azahar suke abu ɗaya. Ni kuwa Indo, da suke kira Gwaggo duk da ba abin da ya haɗa mu sai maƙwabtaka da wankan jarirai da na yi musu, ina zaune na miƙe ƙafa ina jan carbi. Hannu ke jan carbin, kunne yana bakin aikinsa. Duk wanda ya san ni ya san ba a fara faɗa a gabana in tashi. Amma ran nan, da gwiwar nan za ta ɗauke ni, da na bar musu ɗakin.

A tsakiyar falon ga ƙunshi biyu, kowanne an naɗe shi da shuɗiyar leda an ɗaure da igiya tamau. Ɗaya an yanke igiyarsa, fararen takardu masu kauri sun bayyana a jere, sun manne da juna kamar gurasar da ta kwana a ƙasan kwando. Mastura na durƙushe a gabansu, sandarta a gefe, tana shafa takarda ɗaya tana ajiyewa, tana ɗaukar wata. Makauniya ce tun haihuwa. Da yatsa take karatu, kuma tun safe yatsan bai samu abin karantawa ba.

Bari in koma baya kaɗan, don kada ku ce tsohuwa ta fara ruɗewa.

Takardun nan na Malam Silani ne. Sunansa na yanka Razik, da wani dogon abu a bayansa da harshena bai taɓa iya juyawa ba. Mutumin Sirilanka ne, ƙasar da ake kawo mana ganyen shayi, shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Silani. Ya zo Jidda yana aiki a wata maɗaba'a a Ammariyya, ya kama hayar ɗakin samanmu a unguwar Sa'alaba tun maigidana Na'ibi yana raye. Siriri, baƙi kamar mu, in yana magana kansa na rangaji. Da farko na ɗauka matar wani ya gudo da ita ko ya kashe wani, don mutum ba ya barin ƙasarsa ya zauna shiru haka banza. Na yi bincikena, na aika Latifatu 'yata da tuwo don ta leƙo mini ɗakin, na tsare direbobin ƙasarsu da tambaya. Abin da na samo bai ƙosar da ni ba. Wai malamin makafi ne a can, matarsa ta rasu wurin haihuwa, makarantar ba ta da littattafai. Shi ke nan. Ko ɗan abin kunya guda babu.

Abin da ya fara haɗa ni da shi ƙara ce. Kullum in ya dawo aiki sai in ji tik, tik, tik a saman kaina kamar kaza na tsattsagar tire. Na hau da tsintsiya ina cewa ɓera ne. Na same shi zaune a ƙasa da wani allon ƙarfe mai ƙananan ramuka, ya maƙala takarda a ciki, yana hudawa da wani tsinke irin basillar dukawa. Na ce, "Malam, in asiri kake haɗawa ka bari sai ka tashi daga gidan nan." Ya yi dariya har da tari. Ya juya takardar, ya kama yatsana ya ɗora. Sai na ji ƙuraje ƙanana a jere, kamar bayan yaro mai ƙurajen zafi.

Ya ce, "Rubutun makafi ne, Hajja. Da yarenmu, Sinhala."

Alhazan ƙasarsu ke kawo masa littattafan 'yan makaranta, na karatu da na lissafi da na tatsuniyoyi, shi kuma ya zauna yana mai da su ƙuraje a kan ragowar takardar da yake tsintowa a maɗaba'a, harafi bayan harafi. Wai ranar da zai koma gida zai kai wa yaran makarantarsa. Na ce yaushe ke nan? Ya ce in ya gama. Aka yi shekara ashirin da ɗoriya bai gama ba.

Dalilin rashin gamawar kuwa mu ne. Wata rana ya sauko ya tarar da Mastura, lokacin ba ta fi shekara biyar ba, uwarta ta ɗaure mata ƙafa da zani a jikin ƙofa don kada ta fita mota ta take ta. Kada ku zagi Sadiyya, Allah ya jiƙanta. Gyaɗa take sayarwa a bakin masallaci, ba ta da mai tsaron yarinya, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, balle ta kai ta makarantar gwamnati. Malam ya tsaya yana kallon zanin nan. Washegari sai ga shi da doguwar igiya, ya ja ta daga ƙofar su Mastura har shagon Bayamane, ya yi mata ƙulli-ƙulli. Ƙulli ɗaya, a juya. Ƙulli biyu, akwai tudu. Ya kwance ƙafar yarinya ya ɗora hannunta a igiya ya ce, "Yalla, je ki sayo wa Hajja ashana." Ta je ta dawo. Sadiyya da ta ji labari ta zo ta zage shi tas, sannan ta zauna a ƙofata ta yi kuka.

Kafin shekara ta zagayo ɗakinsa ya cika. Daga Karantina, daga Sabil, duk inda aka ɓoye makahon yaro a bayan labule sai da ya je ya roƙo shi. Ya koya musu ƙurajen Larabci, har suka iya karanta Alƙur'ani da yatsa. Hausa kuwa a bakina ya koya, shi ya sa in ransa ya ɓaci sai ka ji namiji da gemu yana cewa "Ni 'yasu!" Ba a yi masa wayo. In yaro ya haddace darasi ya zo yana zuba shi da ka, Malam yana can ya rufe ido ya jingina da bango, sai ka ji ya ce, "Bakinka yana gudu, yatsanka yana barci." Wai yatsa in yana bin rubutu akwai 'yar ƙarar da yake yi. Ni na kasa kunne har na gaji ban ji komai ba.

Sannan ga kashafa, wato 'yan sikawut. A can ƙasarsu shi ne shugabansu, to nan ma bai haƙura ba. Ya tara yaran unguwa masu ido da marasa ido, ya haɗa su bibbiyu. Ya karɓe mini wani tsohon zani ruwan ɗorawa ya yayyanka, kowa ya ɗaura a wuya. Ranar da ya fara busa usur a lungunmu, mata masu gyaɗa da dafaffen waken balila suka ɗauka 'yan baladiyya ne, ma'aikatan hukumar gari, suka zo kame, suka watse da faranti a ka, Sadiyya har da barin takalmi. Sai da na hau na ja masa kunne. Daga nan ya koma tafi da hannu. Juma'a da yamma ya kai su bakin teku su kafa tanti da zanin gado, da azumi su raba wa tsofaffi ruwa a ƙofar masallaci. In za su tashi kowa ya ɗaga yatsa uku su ce ɗan kashafa ba ya ƙarya, ɗan kashafa ba ya barin ɗan'uwansa a hanya. Ni dai na ce Allah ya sa, don na san iyayen wasunsu.

A wurin ƙulla igiya makafin sun fi masu ido, in ban da Hussaini. Yaron nan kansa bai ɗauki karatu ba ko na sisin kwabo, amma in ya ƙulla igiya sai dai wuƙa. Malam kan ɗaga ƙullinsa ya nuna wa sauran. Da ya girma, da wannan ya samu abinci. Shi ne mai ɗaurin kayan alhazai a wani shagon kargo a nan Sharafiyya, kuma duk mutanenmu sun san hannunsa. Hajiya za ta zo da barguna da dardumai da jallabiyoyi tuli guda tana kuka an ce kayanta sun yi yawa, Hussaini ya shimfiɗa su, ya ɗora katako, ya kira ƙarti su hau su yi ta rawa a kai, ya ja igiya, ya naɗe da leda. Kayan ɗaki guda su koma kamar matashin kai. Mu haka muka san ɗaurin kaya. Wanda bai danne ba bai iya ba.

Mastura ce kaɗai ta shiga cikin aikin Sinhalar. Ita ce mai duba masa. Yana karanta littafin masu ido da ƙarfi, tana bin ƙurajen da yatsa, in ya yi kuskure ta ce, "Malam, ka ci harafi." Ta iya karanta yaren tsaf ba tare da ta san rabin ma'anarsa ba, kamar ni da Larabcin salla. Yarintarta duka a ɗakin nan ta ƙare. Littattafan suna cikin kwalaye jere da bango har sun kusa rufi, kowane littafi a tsaye, ba a cika kwali, ba a ɗora wani abu a kai. Ko kofin shayi ka ajiye a kan kwali sai ka ji "Ni 'yasu!"

Sai rusau ya zo. Muka wayi gari an rubuta ikhla da jan fenti a bangonmu, wato a tashi. Abin ya zo a mummunan lokaci. Malam yana asibiti, ciwon sukari ya ci masa yatsun ƙafa ya fara taɓa idonsa. Mastura tana Madina gidan mijinta, ta haihu, tana cikin wankan jego. Ni kuma Latifatu ta riga ta kwashe ni ta kawo ni nan saboda gwiwa, ina ta masifa a kan turmina da aka bari. Aka yanke wuta, motocin rusau suna layin baya. Hussaini ya tara tsofaffin 'yan kashafa, yanzu duk magidanta, suka hau ɗakin Malam. Mota ɗaya suka samu, ita ma rabinta kayan wasu ne. Ya dubi kwalayen nan ya ga rabin kowanne iska ce. Sai ya yi wa malaminsa abin da ya fi iyawa a duniya. Ya zazzage su, ya kwantar da littattafan, ya ɗora katako, mutum huɗu suka hau. Ya ja igiya har tafinsa ya fashe, ya nuna mini tabon da alfahari. Ya kai su sito na shagonsu ya sa a can ƙasa inda ba mai taɓawa, aka yi ta jibga durom-durom na kargo a kai. Zafin Jidda da gumin teku suka yi shekara biyu suna aikinsu.

Malam da ya fito asibiti ya raɓa a ɗakin wasu direbobin ƙasarsu, inda ko tabarmarsa da ƙyar ta samu wuri. In ya tambaya, Hussaini ya ce, "Suna nan lafiya, Malam, ko ƙura ba ta taɓa su ba." Kuma iyakar saninsa gaskiya yake faɗa. Bana kafilin Malam, mai maɗaba'ar da ya tsaya masa a ƙasar nan, ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da maɗaba'a, aka buga masa fita ba dawowa. Gobe jirginsa zai tashi. Shi ne aka ce a kawo kayan gidana, ya zo ya yi mana sallama ya ɗauka. Mastura ta taho daga Madina don ta sake shafa su sau ɗaya. Ta sa Latifatu ta yanke igiya, ta zura hannu, sai na ga fuskarta ta canza.

To kun ji inda faɗan ya samo asali.

Hussaini ya ce, "Ki saurare ni, Mastura. Idonsa ya tafi. Yatsunsa sukari ya kashe su, jiya da na kai masa shayi bai ji zafin kofin ba. Ba zai gane ba. Ki bar shi ya hau jirgi da farin cikinsa."

"In ya isa fa? Yaran can su ma sukari ya kashe musu yatsu?"

"In ya isa ya isa. Aƙalla yana cikin danginsa."

"Wato ya ji kunya a gaban mutanensa, kai kana nan kana ɗaure wa hajiyoyi barguna."

"Ke wai me kike so in yi? Motar rusau tana bayan gida! Da na bar su fa? Da yanzu suna ƙarƙashin ƙasa. Ina kike lokacin? Kina Madina kina shan kunun kanwa!"

"Waya fa? Yatsanka ya karye ne da ba za ka kira ni ka ce, Mastura, yaya ake ɗaukar abin nan ba?"

"Takarda ce! Wa ke tambayar yadda ake ɗaukar takarda?"

Ya juyo wurina, idonsa ja. "Gwaggo, ki sa baki mana. Yau kuma kin zama kurma?"

Na ce, "Ni da kuke cewa bakina ya fi rediyo? Yau na kashe."

"Don Allah, Gwaggo."

Na ce, "Hussaini, ni a rayuwata ban taɓa riƙe magana ta kwana a cikina ba, kowa ya sani. Amma wannan, in an bar ni, zan iya mutuwa da ita. Ke kuma Mastura, gaskiyarki ce. Ku biyun duka kuna da gaskiya, shi ya sa nake jin kamar in mare ku."

Mastura ta ɗaga yatsa uku sama. Ta ce, "Shi ya koya mana. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ba zan fara yau ba."

Ana kiran la'asar muka ji su a matakala. Wani direba ɗan ƙasarsu ya rako shi har ƙofa ya koma ya jira a mota. Na yi wata uku ban gan shi ba. Ya rame har jallabiyar kamar an rataye a ƙusa, yana dogara sanda irin wadda shi da kansa yake koya wa yara riƙewa. A wuyansa kuwa, wallahi, ƙyallen zanina ne ruwan ɗorawa, ya koɗe ya zama kalar ƙasa.

Ya ce, "Salamu alaikum. Hajja Indo, ina jin ƙamshin gulma."

Na ce, "Ta ƙone tun ɗazu, kai muke jira. Zauna, tsohon gwauro. Har za ka tafi ba ka aure ni ba."

"Na ji tsoron Na'ibi."

"Na'ibi ya shekara nawa a kabari?"

"Har yanzu ina tsoronsa. Mutumin da ya iya zama da ke ba ƙaramin jarumi ba ne."

Muka yi dariya, ni da shi kaɗai. Ya karkata kai ya ce, "Mastura tana nan. Na ji numfashinta. Hussaini ma, yana tsaye kamar wanda ya fasa tulu." Suka durƙusa suka gaishe shi. Ya tambayi jariri, wanda yanzu har yana gudu. Latifatu ta kawo shayi. Sai ya shiga ba mu labari, bakinsa har rawa yake don murna. Wai shugaban makarantar yanzu ɗalibinsa ne, makaho, ya bar shi yana ɗan ƙaramin yaro mai fitsarin kwance. Sun yi waya. An sa kafinta ya buga kanta a bango guda, an share, yara suna ta tambaya yaushe kakan littattafai zai iso. Wai yanzu suna da na'urar da ke bugawa, amma tsofaffin tatsuniyoyin nan babu su a ko'ina, littattafan masu idon ma sun ɓace, nasa kuma ruwan shekarar ambaliya ya cinye.

Na saci kallon Mastura. Ta sunkuyar da kai.

Ya ajiye kofi ya ce, "Ina 'ya'yana?"

Hussaini ya ja hannunsa ya ɗora a kan ƙunshin da ba a buɗe ba. Malam ya bi leda da tafin hannu, ya bi igiya har ya kai ga ƙulli. Ya daɗe a wurin. Ya lalubi na biyun. Ya miƙa hannu gaba yana neman na uku, ya samu iska.

"Sauran fa?"

"Su ke nan, Malam. Duka suna ciki, ko ɗaya ban bari ba."

Kan Malam da kullum ke rangaji ya tsaya cak. Can ya zaro takarda ɗaya daga buɗaɗɗen ƙunshin, ya shafa, ya shafa, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yatsun nan sun zama itace. Mastura, 'yata, zo ki ara mini naki. Na saman nan littafin farko ne, na giwar da ta ƙi shiga kogi. Karanta mini in ji."

Ta matso da gwiwa. Ta karɓi takardar ta shimfiɗa a cinya. Hussaini ya rufe fuska da hannu biyu. Ni na daina jan carbi. Na ga ta buɗe baki za ta faɗa, na ga maganar ta zo har leɓe. Sai Malam ya gyara zama ya jingina da bango ya rufe ido, daidai yadda yake yi a ɗakin sama a Sa'alaba.

Sai ta fara karantawa.

Yaren nan mai kama da ana mirgina tsakuwa a baki ya cika falona. Tana tafiyar da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, tana sauka layi, tana komawa, a kan takardar da ba komai a kanta. Tun tana 'yar shekara bakwai ta haddace shi. Hawaye na zuba a kan hannunta, muryarta ba ta karye ba. Malam yana motsa leɓe tare da ita. Inda giwa ta yi abin dariya ya yi dariya. Ya bar ta har ta kai ƙarshen shafi.

Sannan ya ce, a hankali, "Bakinki yana tafiya, yatsanki ma yana tafiya. Takardar ce ba ta amsawa."

A ƙasa wani yana ta danna hon.

Ya ce, "Duba mini tsakiya. Wataƙila na tsakiya sun tsira."

Ta cusa hannu ta ɓamɓaro daga tsakiya. Ta shafa. "Babu, Malam."

"Na ƙasa."

"Babu."

"Ɗaya ƙunshin."

Hussaini ya ciro wuƙa ya yanke ƙullinsa da kansa. Mastura ta bi su, tana ɗagawa tana ajiyewa, takardu suka cika mini falo. Malam yana zaune ya kasa kunne kamar mai jiran sallama a ƙofa. Can yatsanta ya tsaya a kusurwar wata takarda, ya ce da sauri, "Na ji! Mene ne?"

"Inda katakon bai kai ba ne."

"Karanta."

"Lambar shafi ce kawai, Malam."

Hussaini ya zube a gabansa ya kama ƙafarsa mai guntun yatsu. "Malam, ka zage ni. Don girman Allah ka ɗaga sandar nan ka dake ni. Ni na hau kai. Ni na kira su Zaharadden muka hau muka yi ta tsalle, muna dariya, muna cewa Malam zai ga aiki."

Malam ya lalubo kansa ya dafa. Da ɗaya hannun ya lalubo guntun igiyar da ke ƙasa, ya murza ƙullin a tafinsa.

"Ƙulli ya yi kyau. Ko a makance na san hannunka." Ya ajiye igiyar. "Shekara nawa kana hawa ɗakina? Na koya maka igiya, na koya maka tanti. Ban taɓa kama yatsanka na ɗora a kan takarda ba. Na ce kai mai ido ne, me za ka yi da shi."

"Malam..."

"Tashi. Tattara su ka sake ɗaurewa. Yanzu ka danne yadda kake so." Ya yi wata 'yar dariya da ban so jin ta ba. "Takarda ce mai kyau, mai kauri. Yara za su samu abin koyon rubutu. Ba za a bar kantar kafinta ba komai ba."

Ni da aka sani da baki, na ja mayafi na toshe bakina.

Mastura ce ta miƙe. Takardun cinyarta suka zube.

"Shi ke nan? Ya sake ɗaurewa?"

"Mastura, 'yata..."

"A'a, Malam. Kada ka ce mini 'yarka. Ka sa na yi maka ƙarya, kana ji, ka bar ni har ƙarshen shafi."

"Ina son in ji shi sau ɗaya. Ba wanda ya rage da zai karanta mini."

Nan muryarta ta karye. "Ni fa? Yara suna wasa a lungu ina ɗakinka ina cewa ka ci harafi, ka ci harafi. Shekaruna duk suna cikin nan. Kai ka yafe naka, wa ya ce ka yafe nawa?"

Hussaini ya ce, "Ƙanwata, ki yi wa Allah..."

"Kada ka taɓa ni, Yaya."

Ta durƙusa ta lalubi sandarta a cikin takardu ta miƙe. A Sa'alaba yarinyar nan da gudu take sauka daga ɗakin sama ba ta taɓa bango ba. Nan ba ta san gidan ba. Ta nufi gaba ta ci karo da firij. Ta juya ta buge teburin shayi, kofi ya faɗi ya fashe. Latifatu ta yunƙura, na riƙe mata zani. Mastura ta tsaya tsakiyar ɗaki tana huci, tana kaɗa sanda tana samun kujera.

Malam, daga inda yake zaune, ido a rufe, ya ce, "Hagunki. Akwai ɗan tudu a bakin ƙofa."

Ta tsaya kamar za ta ƙi. Sannan ta juya hagu, ta ɗaga ƙafa daidai wurin tudun, ta lalubo mariƙin, ta fita, ta bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa takardun da ke ƙasa suka tashi.